Ranar Da Na Kori Masu Ta'aziyyar Mahaifina

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar bakwai ɗin mahaifinmu ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen unguwarmu ta Nasarawa sun yi rantsuwa ba za su bar ni ba. Har yanzu in na shiga taro a Birnin Kebbi aka sauke faranti, sai an sami ɗan neman magana da zai jawo kwano kusa da ƙafarsa ya ce, "Ku ci da hanzari, jama'a, kahin shi kore mu." A bushe da dariya. Ni ma in taya su, don in ban taya ba me zan yi? Amma dariyar iyakarta haƙora, ba ta sauka ƙirji.

Gidanmu gidan karatu ne. Kakanmu malami, mahaifinmu malami (har mu 'ya'yansa Malam muke ce masa), yayana Bello kuma ya gaji karatun ya haɗa da fuskar, irin fuskar nan da in ta leƙa ɗaki yara ke ajiye wasa su fara neman allo. A kaina aka sami akasi. Tun ina ƙarami bakina ba ya rufuwa, kuma labari in ya shigo hannuna yana ɗan tsako ba ya fita sai ya zama jimina. Gwaggo Hajo, yayar Malam, ta daɗe da gano inda cutar ta fito. Ta ce daga Argungu ta biyo ruwa. Innarmu take nufi. Inna 'yar masunta ce, Malam ya auro ta lokacin da aka tura shi koyarwa can, kuma tun ranar da ta shigo gidan Gwaggo take auna ta: tafiyarta, gaisuwarta, musamman dariyarta. "Gidan ga bai san dariya da ƙarhi ba sai da anka kawo ɗiyar masunta," haka take cewa a gaban Inna, tana cin kifin da dangin Inna suka aiko.

Akwatin talabijin ya shigo gidanmu ina firamare. Baƙi da fari ne, mai ƙofofin katako da ake ja a rufe, har da ɗan makulli. A lokacin daga Sakkwato hoto yake tasowa, kafin ya iso wurinmu ya gaji liƙis, mutanen cikinsa suna rawa ko babu kiɗa. Ni ne mai juya eriya. An ɗaure ta a kan doguwar gora bayan ɗaki, in tsaya ina murzawa ana yi mini ihu ta taga, "Ya yi, ya yi, a'a ya ɓace, maido." (Rabin wasannin ƙuruciyata da kunne na kalle su, shi ya sa na fi kowa haddace muryoyi.)

Akwai wasan kwaikwayo guda da ba ma yarda ya wuce mu, na wani maigida marowaci wanda ba abin da ya tsana a duniya kamar baƙo ya iske shi yana cin abinci. A hukumance Malam ba ya kallon talabijin. Zai shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofar falo, ya ba akwatin gefen fuska, ya kama tasbaha. Amma duk lokacin da marowacin nan ya yi wata tsiya, sai tari ya kama Malam, tari mai girgiza kafaɗu. Inna ta ce, "A kawo ma Malam ruwa, mutuminai ya shaƙe shi." Daga nan sunan ya bi wasan. A gidanmu ba wanda ke kiran sunansa na gaskiya, "mutumin Malam" kawai muke cewa.

Shekaru suka tafi. Tsohon akwatin ya mutu, aka yi sababbi masu launi, Malam ya yi ritaya, ƙafafu suka fara ƙin ɗaukarsa. Ni kuma na zama ma'aikaci da rana, mai gabatar da taron biki da suna a ƙarshen mako, kuma babban abin da ake gayyata ta saboda shi muryar marowacin nan ce. In na shaƙe maƙogwaro na yi ta, tsofaffin wurin har hula suke cirewa su goge ido. Wata rana na ci karo da tsofaffin wasannin a intanet, na sauke su a wayata, na kai gida na haɗa da talabijin. Tun daga ranar ya zama doka: kowace Asabar bayan la'asar in hau keke mai ƙafa uku daga gidana a Gwadangaji da iyalina, matan Yaya Bello su fito, jikoki su cika tabarma suna ƙorafin hoton ya yi dishi-dishi kamar an wanke shi da ruwan kanwa. Malam ya daina tari. Tsufa ya cire masa haƙora ya cire masa kunyar dariya, sai ya riƙa yin ta baki buɗe. Inna tana gefen kujerarsa tana yanka albasa, suna gardamar abin da zai faru gaba, alhali dukansu sun sani. Yaya Bello kuma ya gaji wurin zaman Malam na da, bakin ƙofa, da tasbaha, har da tarin.

Asabar ta ƙarshe muna tsakiyar wani kashi, inda marowacin ya sayo gasasshen kifi ya zauna zai ci, aka yi sallama, ya cusa kifin cikin babbar riga, baƙi suna tsaye a bakin ƙofa. Daidai nan aka ɗauke wuta. Muka jira har aka kira magariba ba ta dawo ba. Malam ya ce, "To, sai wani sati, in da rai." Asabar ta zagayo, shi bai zagayo da ita ba.

Tun kafin a dawo daga maƙabarta Gwaggo Hajo ta karɓi mulkin cikin gida. Ta sa aka juya talabijin ya fuskanci bango, aka lulluɓe shi da zane kamar shi ma ya yi laifi. Ta zaunar da Inna a ƙuryar ɗaki ta karanta mata dokokin takaba, na littafi da waɗanda ita ta gada daga kakanninta: ba madubi, ba ɗaga murya, ba leƙa tsakar gida sai da dalili, murmushi kuwa ko a mafarki. Yaya Bello ya san da yawa cikinsu ba su da asali, amma ba a haifi namijin da zai yi wa Gwaggo gyara ba.

Abin da ya dame mu shi ne Inna ta ƙi kuka. Ta ƙi ci kuma. Tana zaune kamar an dasa ta, a yi mata gaisuwa ta amsa, a ajiye kunu ya huce a ɗauke. Kullum sai na ga wuyanta ya ƙara tsawo. Gwaggo kuwa ta fara rarraba maganar a hankali ga matan da ke zuwa: "Kun ga idon nan? Bushe awa rani. Mijin da yar riƙe ta tun tana ɗiya." Na ji da kunnena. Na kuma san in maganar ta kama ƙasa, da ita za a riƙa tuna Inna a dangin Malam har ta koma ga Allah.

Ranar sadakar bakwai Yaya Bello ya ce in kawo lasifikata, saboda limamin unguwarmu ya tsufa, muryarsa ba ta wuce gemunsa. Ina da wani akwatin lasifika mai caji da nake yawon biki da shi, wanda in na murɗa shi a Gwadangaji ana amsa amin a Argungu. Da na sauke shi a ƙofar gida Yaya ya dube ni ya ce, "Ka dai tuna ba biki ba na." Na ce haba Yaya. Na ji haushi ma, wallahi. Na haɗa wayata da akwatin ta bulutut, wato haɗin da ba ya buƙatar igiya, na sa karatun Alƙur'ani kafin jama'a su taru. Da rumfa ta cika, malamai suka zauna, na tsayar da karatun, na miƙa wa Liman abin magana, na jefa wayar a aljihu. Ban raba ta da akwatin ba. (Ku riƙe wannan. Ni ban riƙe ba.)

Na ratsa cikin gida in gaida Inna. Ɗakinta yana can ƙarshen gida, kuma a bayansa aka ajiye janareta saboda zafi, yana ta ruri kamar ana yanka shi. A karo na farko tun rasuwar na iske ta ita kaɗai. Mata duk sun tafi wurin rabon abinci, ga masa, ga shinkafar da 'yan uwa suka kawo daga Gulma, Gwaggo tana tsaye a kansu.

Na durƙusa. "Inna, ina kwana. Ƙaƙa haƙuri?"

"Da godiya. Tura ƙohwa."

Na tura. Kunun safe yana gefenta, ya yi fata a sama.

"Inna, ko kaɗan ki sha mana."

Ba ta ko kalli kofin ba. Ta ce, "Abun nan da munka bari, shina cikin wayakka?"

"Wane abu?"

"Mutumin Malam. Inda wuta tat tahi."

Na waiga ƙofa. Na ce, "Inna, Gwaggo fa."

"Gwaggonka tana wurin masa, ba ta tashi sai ta ga gindin kwano." Ta ci gaba a hankali, idonta a kan tabarma. "Tun da anka hita da shi, in na ruhe ido baƙin nan nika gani tsaye bakin ƙohwa, shi kau da kihi cikin riga. Kowa na zuwa shina yi mani wa'azi, ni kihi nika gani. Kunya nika ji, amma hakanan na. Ka bar ni in ga sun shiga ko sun tahi, ko na samu in yi kuka awa mutane."

To ku gaya mini, wane ɗa ne zai ce a'a? Na zauna kusa da ita, na nemo wurin, na miƙa mata wayar ta riƙe, na danna. Hoto ya tashi. Ga marowaci, ga ƙullin kifi a ƙirjinsa, ga bakinsa yana motsi. Murya babu. Na ƙara sauti. Babu. Na ƙara har ya kai ƙarshe, na buga wayar a tafin hannu, na mayar baya na sake dannawa. Shiru.

Inna ta ce, "Bar shi. Ina jin shi."

"Inna, ba murya fa."

"Ina jin shi can nesa, awa cikin kaina."

Jama'a, tsigar jikina ta tashi. Na ce a raina, Allah mai iko, dubi abin da sabo ke yi, baiwar Allah har muryoyin take ji a zuci. Idona ya kawo ruwa. Ban yi tunanin komai ba sai tausayi, kuma da tausayi ya kama ni sai na yi abu ɗaya da na iya: na shaƙe maƙogwaro na shiga yi mata muryar ƙasa-ƙasa, ina bin bakin mutumin. Na yi ta maigida, na yi ta matarsa, na yi ta baƙi. Da aka zo inda haƙurinsa ya ƙare, kifi yana ɗiga mai a cikin riga, ya miƙe ya balbale su da faɗa, sai na ga kafaɗun Inna sun fara rawa. Ta ja mayafi ta toshe baki. Ta ce, "Maido shi baya. Nan Malam ka tari." Na mayar. Ta ce in ƙara. Na ƙara. Ban san sau nawa muka maimaita wurin ba. Ina dai kallo dariyar ta juye a cikin mayafin, ta zama wani abu dabam, Inna ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar. Na dafa ta ina cewa yi, Inna, yi, ina jin kaina wani babban likita.

Yanzu bari in kai ku ƙofar gida, kamar yadda shaidu suka ba ni labari daga baya (kowa da nasa, amma a kan wannan sun haɗu). An gama karatu, an jera farantai a gaban jama'a, Liman ya ɗaga hannu zai shiga addu'a. Sai lasifika ta ce, "Salamu alaikum." Rumfa gaba ɗaya ta amsa, "Wa alaikumus salam." Sai aka ji raɗa, raɗar da ta kai bakin titi: "Ce masu ba ni nan." Liman ya duba abin maganar da ke hannunsa. Aka ɗan yi gaishe-gaishe a cikin akwatin, jama'a suna kallon juna. Can sai muryar ta tashi da ƙarfinta duka, don ai na kai sauti ƙarshe:

"Wai ku ba ku da gidaje na? Kullum sai an sauke tukunya kuka zuwa gaisuwa. Ba don ni kunka zo ba, don ciki kunka zo. Ku tashi ku ba ni wuri, kwaɗayayyu!"

An ce wani dattijo daga Gulma ya kai masa rabin hanyar baki, ya tsaya, ya mayar da ita faranti, ya gyara mata zama. Kafin kowa ya farfaɗo, muryar ta koma baya ta sake: "Wai ku ba ku da gidaje na?" Ta sake. Ta kuma sakewa. Kuma ba wanda ya kawo talabijin a ransa. Duk mutanen nan sun sha jin muryar daga bakina a wurin biki, don haka kowa ya yanke cewa ɗan Malam ne ya sami wani abin magana a cikin gida yana faɗin abin da ke ran 'yan gidan.

Yaya Bello ya yi kan akwatin. Mutum ne da ya san littattafai, amma bai taɓa taɓa lasifika ba. Ya danna maɓalli na farko, fitilun biki suka kama, ja da kore da shuɗi suna zagaya rawunan malamai. Ya danna na biyu, muryar ta sami amsa-kuwwa, "kwaɗayayyu, yayyu, yayyu." Manya suka fara laluben takalma. Wani mai dabara ya ce a kashe janareta, aka ruga aka kashe. Akwatina kuwa mai caji ne, na kwana ina cika shi.

A ɗakin Inna fanka ta tsaya, rurin bayan ɗaki ya mutu. A cikin shirun nan sai muryar ta tsallako katanga, tas, tana tafiya daidai da bakin mutumin da ke cikin wayar. Na dubi wayar. Na dubi Inna. Inna ta dube ni. Sai a lokacin na tuna ban raba wayar da akwatin ba.

Na fizge wayar daga hannunta na kashe, ko daƙiƙa ba a yi ba ƙofa ta buɗe. Gwaggo Hajo ce, ludayi a hannu, mata sun cika bayanta. Ta dubi wayar a hannuna, ta dubi fuskar Inna jiƙe sharkaf. Na ga bakin Inna ya buɗe.

"Yaya Hajo, ni na..."

Na tare ta. "Ni na, Gwaggo. Na gaji da zaman waje nas shigo nan in ɗan kalli wasa. Inna tana ta hana ni, tana cewa in ji tsoron Allah, ban ji ba."

Na yi ƙarya iri-iri a rayuwata, na taɓa cewa na kama giwan ruwa da hannu ɗaya ina cin rake da ɗayan, amma ban taɓa yin wadda ta fito sumul kamar wannan ba. Inna ta sake yunƙurawa, na ɗaga murya na rufe tata, na shiga ba Gwaggo haƙuri. Gwaggo ba ta saurare ni ba. Inna take kallo. Ta ajiye ludayin, ta tako, ta yi abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni: ta zauna ta dafa kafaɗar Inna.

"Ashe cikinki yaka cin ki," ta ce. "Yi kukanki, ɗiyar mutane. Kowane gida da tashi jarrabawa, taki ga ta nan tsaye." Sannan ta juyo kaina. "Kai kuma hita. Kak ka ƙara taka ɗakin ga."

Daga ɗakin Inna zuwa ƙofar gida tafiyar da nake yi ido rufe ce, amma ranar sai da na ji kamar na taka zuwa Argungu na dawo. Mata suna darewa suna ba ni hanya. Na fito zaure na iske rabin tabarmi babu kowa, sauran mutanen a tsaye, fitilu suna ta juyawa a kansu. Na sunkuya na kashe su. Yaya Bello ya karɓi abin magana daga hannun Liman ya miƙo mini. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Ga shi. Tunda magana kaka so, yi ta gaban mutane."

Na tsaya da abin a hannu. Ni da nake riƙe taron mutum dubu ina juya su yadda na so, na rasa ta inda zan fara. Hanya biyu ce a gabana: ko in bar su a kan cewa ni na zage su da bakina, ko in ce musu ina can ina kallon wasan barkwanci ana yi wa ubana addu'a. Ta ukun tana ƙuryar ɗaki tana kuka, kuma ba zan fito da ita ba. Na zaɓi ta biyu. Na ce, "Jama'a, ku gahwarce ni, ba ni na yi magana ba, wasa na nika kallo a waya." Tsoro da kuka sun riga sun shaƙe ni, sai maganar ta fito siririya, a maƙale, sak muryar marowacin. Wasu samari a baya suka kasa riƙewa. Wani ya tsawata musu. Aka yi tsit, irin tsit ɗin da kake jin ƙudan da ke kan faranti.

Liman ya dube ni ya daɗe. Ya san ni tun ina yawo ba wando. Ya ce, "Allah shi shirya." Aka ce amin. Ban taɓa jin amin mai kauri irin wannan ba, har ta fi wadda aka yi wa mamacin.

An ƙarasa addu'ar a gurguje. Abin da har yau ba na iya mai da shi wasa shi ne abincin. Mutane kaɗan ne suka taɓa shi. Wa zai sa hannu a kwano bayan abin da ya ji? Ina tsaye aka riƙa wucewa da farantai ana mayar da su cikin gida a cike. Yaya Bello ya zo kusa da ni, bai kalle ni ba, ya ce, "Sadakar Malam ta koma cikin gida da murhinta. Ka ɗauki akwatinka ka tahi." Na ɗauka. Na tare keke na zauna a baya na rungume shi har Gwadangaji, mai keken yana ta yaba girmansa yana tambayata ko ina bayar da haya.

Da yamma matata ta dawo daga gidan ta iske ni kwance ina kallon silin. Ta cire mayafi. Sannan ta ce, "Inna ta ci abinci. Masa ta ci, har ta nemi ƙari." Na juya na fuskanci bango, kada ta ga fuskata.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. An daɗe ba a gayyace ni gabatar da ko sunan akuya ba. Sadakar arba'in daga bayan rumfa na yi ta, kusa da takalma. Zaman Asabar bai sake dawowa ba, ba wanda ya hana, ba kuma wanda ya tayar da maganar. Yaya Bello yana amsa gaisuwata kamar yadda ake amsa ta maƙwabcin da ba a saba da shi ba. Gwaggo Hajo kuwa ta zagaya dangi kaf tana ba da labarin yadda matar ƙanenta ta yi kuka har ta kusa shiɗewa, da yadda ta tsaya wa ɗanta mara kunya a kan mutuncin mijinta. Ta riƙa aiko mata da fura. Har Gwaggo ta rasu ban sake jin kalmar masunta a bakinta ba.

Inna ta sha cewa za ta gaya wa Yaya gaskiya. In ce, "Inna, bar ta. Rigar ta zauna mani daidai, ke ba ta yi maki." Ta yi murmushi ta ce ni dai ban da kirki. Bara ta tafi Argungu ganin ƙannenta, ciwo ya kama ta can, can kuma aka yi mata sutura. Kafin ta cika ta riƙe hannuna ta ce, "In na tahi ka hwaɗa ma yayanka. Ban son ku zauna hakanan."

A hanyar dawowa Birnin Kebbi mu biyu ne a mota, Yaya yana tuƙi, fadamun shinkafa suna wucewa ta gefe. Na tattara ƙarfin halina na ba shi labarin daga farko har ƙarshe. Karo na farko a rayuwata ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ci gaba da tuƙinsa, har na fara shirya fuskar da zan karɓi haƙurinsa da ita. Sai ya girgiza kai.

"Ko ƙasar kabarinta ba ta bushe ba," ya ce. "Kai dai ba ka gajiya. Bar Inna ta huta."

Wa zan kira shaida? Mu biyu ne a ɗakin, ɗayar mun baro ta a Argungu. Na kalli taga har muka shigo gari. Da zan sauka ya ce in gaida yara, ya kuma ce in na sami lokaci in riƙa leƙowa. Na karɓi wannan, don shi aka ba ni.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. Na farko, kafin ka yi wa kowa alheri da waya, duba ka ga da me take haɗe. Na biyu kuma, in ka ƙare rayuwarka kana zuba wa labari gishiri, ka shirya: ƙarya guda da za ka yi don Allah ita za a karɓa hannu biyu ba tambaya, gaskiya guda da kake da ita kuma a ce ka ji tsoron Allah. Sunan Inna dai ya tsira, har daga bakina.